Amsa kan Signals na Rush: da gaske na'ura ta kashe musu kiɗa?

Ɗan'uwa, ka ce faifan Moving Pictures na ƙungiyar mawaƙa ta Rush ya shige ka sosai, sai ka iske wasu masoyan Rush na cewa daga faifan Signals ƙungiyar ta taɓarɓare, wai sun jingine jita sun rungumi fiyanon lantarki, kana tambaya ko ka ba shi lokacinka. Ka ba shi. Na jima ina sauraronsa tun a kaset, kuma har yau yana cikin waɗanda nake komawa gare su. Amma masu ƙorafin ba ƙage suke yi ba, akwai inda gaskiya take tare da su.

Ka fara sanin daga ina suka fito. A wancan lokacin Rush mutum uku ne daga Kanada: Geddy Lee mai waƙa da bes (jita mai kaurin sauti) da fiyano, Alex Lifeson mai jita, da marigayi Neil Peart mai ganguna, wanda kuma shi ke rubuta baitocin. Tsofaffin masoyansu da faifan 2112 na 1976 aka kama su, inda waƙa ɗaya ta cinye fuska guda ta faifai, wajen minti 20, jita na ruri. Da Hemispheres na 1978 suka ƙara sabawa da wannan. To sai ga Signals a Satumban 1982 da waƙoƙi takwas, babu wadda ta kai minti bakwai, kuma abin da ya fara dukan kunne, tun kafin ganga ko murya, gurnanin sintisaiza ne, wato fiyanon lantarkin, a bakin "Subdivisions". Wanda ya saya yana jiran Lifeson ya buɗe wuta, dole ransa ya sosu.

Inda suke da gaskiya shi ne wajen haɗa sautin a sutudiyo. An tura jitar baya. Tana nan, amma fiyanon ya mamaye tsakiyar sautin, wurin da ita ma take zama, sai ta koma kamar ana kaɗa ta a ɗakin maƙwabta. Lifeson da kansa ya nuna daga baya cewa bai ji daɗin yadda aka matse shi ba, kuma daga wannan faifan suka rabu da Terry Brown, furodusan da suke tare tun farkon fitowarsu. Idan a lasifikar waya za ka saurara, kusan ba za ka ji jitar ba, kuma za ka koma ka ce tsofaffin sun faɗi daidai. Nemi iyafis mai kyau.

Inda ban yarda da su ba shi ne cewa wai kiɗan ya zama na lalaci. Wannan gardamar mun san irinta a gida, lokacin da fiyano ya shigo waƙar Hausa dattawa suka ce an kori kalangu da gurmi. Sai dai a wurinmu sau da yawa na'urar ce ta karɓi aikin makaɗa gaba ɗaya, mutum ɗaya ya danna ta yi ganga ta yi komai. A Signals ba wanda aka sallama. Hannun mutum ne a kan kowane abu, kuma aikin ma ƙaruwa ya yi, musamman ga Geddy, wanda a dandali yakan bar fiyano ya cafki bes a tsakiyar waƙa, ƙafarsa na taka fedal tana ba da sautin ƙasa, bakinsa na waƙa.

Gwada wannan: sa farkon "Subdivisions" ka bi shi da tafi. Za ka ji tafin yana zamewa, domin bugun bakwai ne ba huɗu ba, amma sun shimfiɗa shi yadda ba ka jin tuntuɓe. Sannan ka bar fiyanon ka bi Peart kawai. Da wuya ya maimaita baiti biyu da salo ɗaya. Kowane zagaye sai ya sauya inda hannunsa ke sauka, ya ƙara wani abu kaɗan. Duk wahalar da a da suke bazawa cikin minti 20, nan suka cusa ta cikin biyar da rabi. Baitocin kuma sun bar taurari da tatsuniya irin na waƙoƙinsu na baya sun dawo kan yaron da ya tashi a unguwannin bayan gari, gidaje iri ɗaya layi-layi, inda in ba ka bi sahu ba a ware ka. Sautin na'urar mai sanyi ya dace da wannan kaɗaicin fiye da yadda jita mai zafi za ta yi, kuma shi ya sa nake ganin da gangan suka zaɓe shi.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce "Losing It". Sun gayyato Ben Mink ya ja gogen Turawa na lantarki, a kan bugun biyar, labarin mai rawar da jiki ya daina ba ta haɗin kai da marubucin da kalmomi suka guje masa. Idan gogen ya hau sama a tsakiyar waƙar, sai ka ji kamar kuka yake yi yana faɗa a lokaci guda. Ba su taɓa yin ta a gaban jama'a ba sai a rangadinsu na 2015, bayan shekara 33. Wanda ya ce faifan nan ba shi da rai, ina zargin bai kai nan ba.

Ba duka ne suka yi mini ba. "Chemistry" ba ta riƙe ni. "Countdown", wadda suka yi bayan sun kalli harba kumbon Columbia a 1981, har da muryoyin 'yan sama jannati a ciki, ita ce ta fi jin tsufa a kunnena. "New World Man" kuwa an ƙirƙire ta ne a ƙarshe don cike ɗan gurbin da ya rage tsakanin fuskokin kaset, ga ɗanɗanon regge a jikinta, kuma ita kaɗai ce waƙarsu da ta taɓa shiga sahun 40 na farko a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Wannan ma ya ƙara wa tsofaffin haushi, suka ce kasuwa ake bi.

Tunda ta Moving Pictures ka shigo, fara da "The Analog Kid", domin nan jitar take gudu a fili kuma Lifeson ya samu wurin baje kolinsa. Daga ita sai "Subdivisions", sai "Losing It", sannan ka bi faifan daga kai zuwa ƙafa. In har bayan haka jitar ce kake kewa, wuce faifan Grace Under Pressure na 1984, inda fiyanon yana nan amma an ba Lifeson sarari, ko ka tsallaka zuwa Counterparts na 1993 inda jitar ta dawo gaba sosai. Ka dawo ka gaya mana yadda ka ji gogen nan.