Tabon ƙunar ɗana ya taso, yana ta ƙaiƙayi

Tambaya: Likita, ruwan zafi ya ƙona ɗana mai shekara 4 a gwiwar hannu lokacin hunturu. Sai da ciwon ya yi wata guda kafin ya warke, yanzu kuma tabon ya taso ya yi kauri, dare da rana yana susa. An ce in shafa masa man bilicin. Ina mafita? Daga wata uwa a Kurna, Kano.

Amsa: Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Man bilicin kam kada ya kusanci jikinsa. Ba ya kwantar da tabo, sai dai ya sirantar da fata.

Ƙunar da ta wuce mako 3 ba ta rufe ba, yawanci irin wannan tabon take bari. Tabo kuma bai gama nuna ba sai ya yi shekara 1 zuwa 2, don haka ba ki makara ba. Ba zai goge ɗungurungum ba, amma zai iya kwanciya ya yi laushi.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da yake. Tabon da ya ratsa gaɓa yana janyewa a hankali, ga yaro yana girma, fatar wurin ba ta biye masa. Ki ce ya miƙe hannayensa biyu ki gwada su. Idan hannun da ke da ciwon ya tsaya a lanƙwashe, ko kika ga fatar ta ɗame kamar tsirkiya, kada ki jira. Ki kai shi sashen ƙuna da gyaran fata a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano. Masu gashin ƙashi na asibitin za su koya miki yadda za ki riƙa miƙar da hannun, a ba shi safa mai matsewa da zai wuni ya kwana da ita. Wanda ya riga ya ɗaure, sai tiyata, wani lokacin har da dashen fata.

A gida ki yanke masa farce, ki riƙa murza tabon da man kaɗanya ko basilin safe da yamma, ki sa masa riga mai dogon hannu saboda ranar Kano tana ƙara wa tabo baƙi. Fallen silikon da ake mannawa yana taimakawa, in an jure aƙalla awa 12 kullum har wata 3.

Idan tabon ya zarce iyakar ƙunar, kiloyid ke nan. Kada wanzami ya sa masa aska, don yakan dawo ya fi na da girma. Allura ake yi a cikinsa a asibiti duk bayan mako 4 zuwa 6.