Tambaya da Amsa: Ina bambancin "melt" da "dissolve", kuma "cold" yabo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce. Na rubuta "sugar melts in tea" a gwaji, aka soke. Sannan na ce wa wata malamarmu "you are very cold", ina nufin tana da sanyin hali, sai ta haɗe rai. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hausa ce ta ja ki, domin mu "narke" ɗaya gare mu, Turanci kuwa ya raba ta biyu.

"Melt" shi ne daskararren abu ya koma ruwa-ruwa saboda zafi kaɗai: ƙanƙara da zarar ta haura digiri 0 a ma'aunin Celsius, man shanu a kasko, kyandir. "Dissolve" kuwa sai da ruwan da abin zai baje a cikinsa. Sukarin shayinki bai ga zafin da zai narkar da shi ba. Ruwa yana tafasa a digiri 100, sukari kuwa ba ya yin "melt" sai wajen 186, a nan ma ja yake somawa yana ƙauri. Gishiri kuwa sai 801 yake yin "melt".

Ga yadda za ki tantance. Abin da ya yi "melt", in ya huce zai sake daskarewa. Wanda ya yi "dissolve" ba za ki sake ganinsa ba sai ruwan ya ƙafe, wato "evaporate". Kuma yana da iyaka: mililita 100 na ruwa ba ya ɗaukar fiye da kimanin giram 36 na gishiri, ragowar sai ta kwanta a gindin kofi. A jarida za ki ga "dissolve" idan gwamna ya rushe majalisar zartarwa ko kotu ta raba aure. "Her heart melted" kuwa tausayi ne ya kama ta.

Batun malamarku ya fi nauyi, kuma ban ga laifinta ba. A wurinmu sanyin hali yabo ne. A Turanci "cold" mutum ne marar fara'a, wanda za ki gaishe shi ya amsa a daƙile. Kishiyarsa "warm", mai haba-haba da jama'a. Kada ki haɗa shi da "hot-tempered", mai zafin rai. Abin da kika so faɗa shi ne "gentle" ko "calm". Ki same ta, ki bayyana mata nufinki da Hausa, sannan ki ce "you are very gentle, ma".