Alƙali ya ce za a je gona: in ɗaukaka ƙara ko in jira?

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Rigimar gona ce tsakanina da ɗan baffana a wani ƙauye kusa da Tawa. Mai gari ya yi sulhu bai yiwu ba, sarki ma haka, muka tafi kotu. Ni ina da takardar Kofo (hukumar da ke kula da filaye da gonaki), shi kuwa sai baki. Amma maimakon alƙali ya ba ni gaskiyata, sai ya ce zai je ya ga gonar, ya saurari dattawa, kuma kada kowa ya shuka kafin nan. Ga damina ta matso. Zan iya ɗaukaka ƙara yanzu? Daga wani mai karatu a Tawa.

AMSA: Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. A yadda ka kawo maganar, lokacin ɗaukaka ƙara bai yi ba, domin alƙali bai ce gonar ta wane ce ba. Abin da ya yanke share fage ne. In ka karɓi takardar a wurin magatakardan kotu, mai yiwuwa ka ga an rubuta ADD a samanta, wato hukuncin da ake yi kafin a faɗi mai gaskiya. Zuwa gona, jin shaidu, naɗa masani ya auna iyaka, duk a nan suke. Ƙa'idar ita ce irin wannan ba a ɗaukaka shi shi kaɗai. Ana jira a yanke ainihin maganar, sannan wanda bai gamsu ba ya haɗa su biyun ya kai sama. Ke nan ƙorafinka bai ɓace ba, ajiye shi aka yi.

Shekarun da na yi a teburin magatakarda sun koya mini cewa mutane farkon takarda suke karantawa, su fusata, su ninke ta. To, ƙarshenta ne abin dubawa, daga inda aka rubuta "par ces motifs", wato "bisa waɗannan dalilai", zuwa sa hannu. Dogon bayanin da ke sama dalilai ne kawai, ko da alƙali ya nuna kamar ya karkata wajen ɗan baffanka. Ka sami wanda ya iya Faransanci sosai ya karanta maka waɗannan layukan ɗaya bayan ɗaya, ba yaron da ke koleji ba.

Me ya sa? Saboda wani lokaci hukuncin ruwa biyu ne. Misali alƙali ya ce gonar gadon kakanku ce, kowa yana da rabo, sannan ya ce a je a auna. A nan ya riga ya yanke wani ɓangare na ainihin rigimar, kuma ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take tun ranar. Wanda ya zauna yana jiran awo, wa'adi zai iya wuce shi yana zaune. Haka kuma in alƙali ya kori ƙarar baki ɗaya, ya ce ba ka da hurumin shigar da ita, shari'a ta ƙare a gabansa ko da bai taɓa zancen gonar ba. Wannan ma ana ɗaukakawa.

In ka dage ka ɗaukaka yanzu, ga abin da na sha gani: dosiye, wato kundin takardun shari'ar, ya tashi daga kotun farko, ya yi watanni a sama, a ƙarshe a ce ba a karɓi ƙarar ba, a mayar da shi inda ya fito. Sauri ya haifi nawa, damina biyu ta wuce maimakon ɗaya, ga kuɗin mota da na lauya. Ni a ganina zuwan alƙali gona ba abin tsoro ba ne ga mai takarda. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa Kofo don irin wannan rana, amma rigimar gonar gado bisa al'ada ake yanke ta, shi ya sa ake neman bakin dattawa da maƙwabtan iyaka. Ka shirya naka shaidun.

Maganar hana shuka kuwa, tunda dosiye yana hannun alƙalin har yanzu, shi za ka koma wa. Ka roƙa a rubuce a gaggauta ranar zuwa gonar, ko a sake duba wannan umurni saboda damina.

Ranar da aka yanke hukuncin ƙarshe, kada ka fita daga kotu sai ka tambayi magatakarda abu biyu: kwana nawa gare ka, kuma daga wace rana ake ƙirgawa. Wa'adin ya bambanta da irin shari'ar. A shari'ar laifi, misali, kwana 10 ne kacal. Cewa "ban yarda ba" a farfajiyar kotu ba ɗaukaka ƙara ba ce, sai an rubuta ta a rajista ka karɓi shaida a hannu. Bayan kotun ɗaukaka ƙara akwai Kotun Ƙasa a Yamai, wadda aka kafa a 2023, sai dai ita ba ta sake jin shaidu, dubawa take ko an bi doka. Don haka duk dattijon da ya san iyakar gonar nan, yanzu ne za ka kai shi gaban alƙali.