Me ya sa aka ɗage wa Mama kemo bayan gwajin jini?

'Yar'uwa, kin ce an ɗage wa Mama zagaye na uku na kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, saboda fararen ƙwayoyin jininta sun yi ƙasa, kina tsoron ko ciwon dajin ne ya ci gaba. Allah ya ba ta lafiya. Yawanci aikin maganin ne.

Kemo yana kai hari ga duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, kuma ɓargo, inda ake ƙera jini, cike yake da irinsu. Nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke fara tarar ƙwayoyin cuta, ba sa wuce 'yan kwanaki a jiki, don haka da ɓargo ya yi sanyi sai adadinsu ya zube. Ya fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin maganin, ya farfaɗo cikin mako 3 zuwa 4. Idan ya gaza 500 a maikirolita (ɗan ƙanƙanin ɗigo) ɗaya na jini, haɗarin babba ne. Wani lokaci likita kan ba da allurar filgrastim don ta zaburar da ɓargon.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓi. Mun saba cewa maleriya ce, a sha farasitamol a kwanta. Don Allah kada ku yi haka da Mama. Ki ajiye ma'aunin zafi kusa da gadonta. Idan zafin jikinta ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko tana rawar sanyi, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne, ki faɗa musu tana kan kemo. Jikin da ba sojoji ba lallai ya nuna kumburi ko mugunya ba.

Masu zuwa dubiya su wanke hannu, mai mura ya gaishe ta ta waya.