Alkawarin baikon ikilisiya na shekara da hatsin godiyar kaka: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni malamin makaranta ne a Kaltungo. A watan Janairu na yi alkawarin naira 120,000 don ginin majami'armu, ban da zakka. Ga shi an fara shirin godiyar kaka, abin da na biya bai kai rabi ba. Bara ma haka aka yi. Ina gizo yake saƙa?

Amsa: Salama, Malam. Lokacin biya ne ya cuce ka. Ka bar nauyin ya taru zuwa ƙarshen shekara, daidai lokacin da aljihun mai albashi ya fi ramewa: kuɗin makarantar yara a Satumba, sannan ɗinkin Kirsimeti, shinkafa, da kuɗin motar zuwa gida. Shawararmu ka raba kuɗin gida goma, naira 12,000 kowane wata daga Janairu zuwa Oktoba, ka gama kafin hidimar Disamba ta taso. Dabarar ba sabuwa ba ce, Manzo Bulus ya ce wa Korintiyawa kowa ya riƙa ajiye wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada sai ya zo a fara tattarawa (1 Korintiyawa 16:2).

Ka ba bankinka umarni ya riƙa tura kuɗin da kansa zuwa asusun ikilisiya. Amma ka sa ranar cirewa bayan kwana uku ko huɗu da ranar da albashi ya saba shiga, domin in ya makara aka tarar asusun wayam, kuɗin ba zai tafi ba, kai kuwa kana zaton ka biya.

Sauran na bana fa? Kada ka ci bashi mai ruwa don gudun kunya. Ka sami ma'aji ka faɗa masa nawa za ka iya, da kuma yaushe. Kwamitin gini da alkawuran nan yake lissafin siminti da kwanon rufi, shirun mutane shi ke barin gini a tsaye damina ta same shi ba rufi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya ga yadda farashi ke gudu, don haka kuɗin da ya shigo a Fabrairu ya fi na Disamba albarka.

Tambaya: Ni shugabar Zumuntar Mata ce a wani ƙauye kusa da Billiri. Yawancinmu manoma ne, zakkarmu da godiyarmu hatsi ne. Bara mun tara masara da wake, kafin Ista ƙwari sun cinye waken. Mu sayar nan take ne, ko mu ajiye?

Amsa: Sannu da aiki, Mama. In ikilisiya ba ta da wata buƙata ta gaggawa, ajiya ta fi, domin da kaka hatsi yana arha, da damina ta yi nisa yakan hau. Sai dai ajiyar tana da sharuɗɗa, kuma wake ya fi masara saurin lalacewa, don sau da yawa tun daga gona yake zuwa da ƙwan ƙwaro a jikinsa.

Ku fara da rubutu. A ranar godiyar, mutum biyu su zauna da littafi: sunan mai kawowa, irin hatsin, buhu nawa ko mudu nawa. Wanda ya sami buhu 30 zakkarsa buhu 3 ne, wadda ta sami mudu 40 na wake nata mudu 4 ne, kuma a rubuta nata da daraja ɗaya da nasa. Kada a juye hatsin gidaje dabam-dabam wuri ɗaya kafin a duba bushewarsa, ɗanyen buhu guda yana iya jawo wa sauran ruɓa. Gwajin ba wuya: ku zuba hatsi kaɗan a busasshiyar kwalba, ku ƙara busasshen gishiri, ku rufe ku girgiza, ku bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya.

Bayan ya bushe, ku zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A matse iska, a ɗaure kowace leda ita kaɗai, sannan na waje. Ƙwaron rashin iska ke kashe shi, ba sai an zuba magani ba, wanda kuwa alheri ne tunda daga hatsin nan ake ɗebar wa gwauraye da marayu da masu bishara a ƙauyuka. Abu biyu ke ɓata wannan buhu: huda, da yawan buɗewa ana ɗiba. Ku jera buhunan a kan katako, nesa da bango, ku toshe ramukan ɓera. Wanda za a riƙa ɗiba a ware shi dabam tun farko.

Ranar sayarwa kuma kada a bar wa mutum ɗaya. Dattawa su amince da farashi, biyu su je kasuwa, kuɗin ya shiga asusu a ranar, a karanta wa jama'a ranar Lahadi.

Tambaya: Ina aiki a Abuja, ina aika zakkata gida Bogoro ta asusun wani dattijo. Akwai laifi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka daina, ko da dattijon amintacce ne. Kuɗin yana cakuɗewa da nasa, ranar da aka zo binciken littattafai shi za ka jefa cikin zargi. Ka nemi lambar asusun da ke ɗauke da sunan ikilisiya, wanda sai mutum biyu sun sa hannu ake cire kuɗi. Wajen turawa ka rubuta sunanka da dalilin, zakka ce ko gini ko aikin bishara, ka aika wa ma'aji shaidar, shi kuma ya ba ka rasit bayan ya ga kuɗin a takardar banki.