Tambaya da Amsa: Busa ƙaho na neman haɗa ni faɗa da iyalina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, ina zaune a Aboabo cikin gidan haya da matata da 'ya'ya uku. Shekara biyu ke nan da na shiga ƙungiyar badujala ta unguwarmu, ina busa ƙaho. Ba sana'a muka ɗauke ta ba, sha'awa ce kawai. A cikinmu akwai tela, akwai direban trotro (ƙaramar motar haya), akwai ɗalibai. Yanzu uwargida ta ce ƙahon ya zame mata kishiya, maƙwabta suna ƙorafin ƙara, Baba kuma ya ce a zuri'armu ba a taɓa yin maroƙi ba. Ɗana mai shekara 9 ya nace sai na koya masa. Ga rigimar kuɗi ta fara kunno kai a ƙungiyar. In haƙura in ajiye ne, ko in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban ga dalilin ajiyewa ba tukuna. A shekarun da na yi ina koyar da busa da kiɗa, ban cika ganin ƙungiyar unguwa ta watse don 'yan cikinta ba su iya ba. Abin da ke kashe ta shi ne gida bai san da zamanta ba, ko kuma kuɗi ya shigo ba a shirya masa wurin zama ba. Duka biyun sun same ka lokaci guda, shi ya sa abin ya yi maka yawa.

Bari mu fara da Baba, don maganarsa ta fi nauyi, kuma ba daga sama ya ɗauko ta ba. A al'adar Bahaushe kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi ke ɗaukar kalangu, ɗan mabushi ke ɗaukar algaita, kuma sana'ar tafe take da roƙo: a kama sunan mutum a wasa shi da iyayensa da kakanninsa, shi kuma ya sa hannu a aljihu. Kakanninmu da fataucin goro ya kawo su Salaga da Kumasi sun zo da wannan rabon sana'a yadda yake, har yau kuma a wasu gidajen Zango in aka zo neman aure sai an bincika ko akwai roƙo a dangi. To idan Baba ya gan ka da ƙaho a bainar jama'a, abin da yake hangowa shi ne ɗansa tsaye gaban wani alhaji ana manna masa kuɗi a goshi. Ba sautin ne ya dame shi ba, tsayuwar ce.

Saboda haka kada ka je masa da gardama. Ka same shi bayan la'asar, ka zauna ƙasa, ka gaya masa abin da kuke yi da abin da ba ku yi. Amma sai ka tabbatar gaskiya za ka faɗa. In har ƙungiyarku tana kewaye masu kuɗi a wurin biki tana busa musu a kunne har sai sun yi liƙi, to Baba ya fi ka gaskiya, roƙo ne ko da kuwa da kayan Turawa ake yin sa. Ƙa'idar da nake ba kowace ƙungiya ita ce a yi ciniki da mai biki tun kafin ranar, a karɓi abin da aka yanka, ba kiran sunan kowa, ba bin kowa. Wanda ya ji daɗi ya ba da kyauta, a sa a asusu.

Za ka iya kuma nuna masa cewa a ƙasar nan an daɗe ana haɗa kiɗa da sana'a ta mutunci. E.T. Mensah, wanda ake kira sarkin kiɗan hailaif, wanda ya yi busa tare da Louis Armstrong, shahararren mabushin ƙaho na Amurka, lokacin da ya zo Accra a 1956, aikin haɗa magunguna ya karanta kuma ya yi shi. Agya Koo Nimo na nan Kumasi ya shafe shekaru yana aikin ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar KNUST yana kaɗa jitarsa. Ita kanta badujalar da kuke yi, tun wajen shekarun 1880 samarin Cape Coast da Elmina suka kwaikwaye ta daga sojojin da Ingila ta kawo daga tsibiran Karibiyan, suka juya ta ta zama kiɗan adaha. Waɗanda ba su da kuɗin sayen ƙahoni suka fito da konkoma a shekarun 1930, da ganguna da murya kawai. A daidai wannan zamanin ne simpa ta bayyana a ƙasar Dagomba, ita ma kiɗan samari ce ta bayan an tashi daga aiki.

Idan kuwa damuwar Baba ta addini ce, wannan wani fage ne daban. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wasu sun haramta, wasu sun yi sassauci da sharuɗɗa, kuma ni malamin kiɗa ne, ba mai ba da fatawa ba. Ku je wurin malamin da ku biyun kuka yarda da shi. Abin da zan ce kawai, duk ƙungiyar da bitarta ke cinye magariba, ita ta jawo wa kanta magana.

Sai uwargida. Tun da ita da bakinta ta ce kishiya ce, to kishiya rabon kwana ake yi mata, ba a barin ta ta shigo ɗaki duk sanda ta ga dama. Na san yadda abin yake faruwa. Ka dawo daga Magazine da baƙin mai har gwiwar hannu, ka watsa ruwa, kafin a sauke tuwo wani ya kira waya ya ce an taru, ka saɓa jakar ƙaho ka fice. Ranar Asabar da take sa ran za ku je suna a Asawase tare, an ɗauke ku wasa. Ba ta san ranar ba, ba ta san lokacin dawowa ba, ba ta ga ko sidi ɗaya da ya shigo ta dalilin abin ba. Wace mace ce za ta so wannan? Ku tsayar da ranakun bita guda biyu a mako, da lokacin farawa da na tashi, ka gaya mata, kuma ka cika. Duk wasan da aka gayyace ku, ta ji tun ranar da aka yi maganar. Sha'anin danginta kuwa, aure ko suna ko gaisuwar rasuwa, yana gaba da wasa, ka sanar da 'yan ƙungiya haka tun yanzu don kada ya zama abin jayayya daga baya.

Maganar ƙara kuwa maƙwabta suna da gaskiya. Ƙaho a kusa yana wuce 100 a ma'aunin ƙara na desibel, alhali hukumar kare muhalli ta Ghana ta ƙayyade 55 da rana, 48 da dare, a unguwannin zama. A gidan haya mai ɗaki goma da tsakar gida ɗaya, ba ka da hujja. Sa'ar da ka yi ita ce mafi yawan aikin da mai busa yake buƙata kullum ba sai da ƙara ba. Cire bakin ƙahon, wannan ɗan ƙarfen da kake ɗora leɓe a kai, ka busa shi shi kaɗai na minti goma: dogon sauti, hawa da sauka a hankali. Ƙararsa ba ta wuce ta ƙudan zuma. In kana son haɗa ƙahon gaba ɗaya, akwai abin toshe faffaɗan gabansa, inda sauti ke fita, da ake sayarwa don bita a gida, in kuma babu kuɗinsa, buɗe akwatin tufafi ka tura faffaɗan gaban ƙahon cikin kaya ka busa a hankali. Minti ashirin kowace rana ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai, domin naman leɓe da maimaici yake ƙarfi, ba da wahala ba. Cikakkiyar busa kuma a kai ta filin makaranta bayan an tashi, da izinin hedimasta, nesa da masallaci, a kuma tashi kafin kiran salla.

Tun da makanike ne kai, ga gargaɗi na musamman, don hannunku ya saba da ƙarfe mai taurin kai. Ƙaho tagulla ce mai laushi. Idan bakin ya maƙale, kada ka kusance shi da filaya ko guduma. Murɗawa ɗaya sai bututun ya tsage daga inda aka like shi. Fistocin nan uku da kake dannawa, tazarar da ke tsakaninsu da gidansu ba ta kai kaurin gashi ba, don haka man juye ko giris ko man girki duk suna daskarar da su. Man da aka yi dominsu za ka nema, ɗigo biyu ko uku ya isa. Sau ɗaya a wata ka kwance shi ka wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ban da tafasasshe, don yana ɓare fentin. Lokacin hunturu ƙura na shiga ko'ina, leɓe kuma na tsagewa, sai ka riƙa shafa man kaɗe da dare, amma ka goge kafin ka busa.

Yanzu kuɗi. A nan ne zumunci ke lalacewa, kuma kusan kullum a kan ƙaramin abu ne. An ba da kuɗin wasa, shugaba ya sa a aljihu, ya biya mota, ya raba saura yadda ya ga dama, mai babbar ganga da ya sha rana tun safe ya ga an ba shi daidai da wanda ya iso ana shirin tashi. Ba wanda zai yi magana a wurin, sai a majalisar shayi. Maganinsa littafi ne da mutum biyu: mai karɓa daban, mai rubutawa daban, kuma kada shugaba ya zama ko ɗaya daga cikinsu. Duk kuɗin da ya shigo, a fara cire na mota da ruwa, sannan a cire kason gyaran kaya wanda aka amince da shi tun farko, abin da ya rage a raba a gaban kowa a ranar. A rubuta kowane ƙaho da kowace ganga na wane ne, na ƙungiya ko na mutum, domin ranar da wani ya yi fushi zai tafi, wannan ce tambayar farko.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ku yanke shawara a kansu tun ba a kira ku ba. A Kumasi babbar kasuwar 'yan badujala ita ce jana'izar Asantawa ta ranar Asabar da jerin gwanon coci, kuma a wurin jana'izar galibi akan sha giya. Wasu 'yan ƙungiya za su ce aiki aiki ne, wasu za su ce ba da su ba. Ku zauna ku daddale, kuma wanda ya ce ba zai je ba kada a riƙe shi a zuci. Na biyu siyasa. Shekarar zaɓe 'yan takara suna neman masu busa ido rufe, kuɗinsu kuma ya fi na mai biki. A ganina, ƙungiyar unguwa da ta sa rigar jam'iyya ɗaya ta raba kanta da rabin unguwar, kuma zaɓe na wucewa a bar ku da maƙwabtanku. In kuma ku da kanku za ku shirya zagayen gari, dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana 5 kafin ranar.

Na bar maganar yaron a ƙarshe don ita ce mai daɗin. Shekara 9 ta isa a fara, muddin haƙoransa na gaba na girma sun fito sun zauna, tun da a kansu bakin ƙahon yake jingina. Sai dai ni ba da ƙaho zan fara masa ba. Nema masa atenteben, sarewar gorar nan da Ephraim Amu, masanin kiɗan Ghana, ya gyara ta har ta shiga makarantu. Ba ta da tsada, ba ta da nauyi, ba ta tayar da maƙwabta, kuma a kanta zai koyi riƙe numfashi da do-re-mi ɗin da yawancin ƙungiyoyin badujala na ƙasar nan suke koyon waƙa da shi. In ya yi wata shida bai gaji ba, ka ba shi bakin ƙaho nasa na kansa, mai lamba 7C da aka saba ba masu koyo. Sharaɗi kuma a bayyane: ba a taɓa sarewa sai an dawo daga makarantar allo an gama aikin boko. Wannan sharaɗin ka faɗe shi a gaban kakansa.

Kada kuma ka ɗauka kai ne ka fara kawo kiɗa gidan. Tambayi mahaifiyarka ko wata gwaggo waƙoƙin da suke yi a gaɗa suna 'yan mata, da na daka, da na reno, da yadda ake kifa ƙwarya a kan ruwa a kaɗa ta ranar biki. Yaran Zango na yanzu suna tashi da Hausa da Twi da Turanci a baki, amma kaɗan ne za su iya rera maka waƙar gaɗa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ka ɗauki muryar tsohuwar a waya, ka nemo sautin a ƙahonka a hankali, yaron ya bi da sarewa, 'yan'uwansa su yi tafi. Uwargida ma ka tambaye ta wadda ta sani, kada ka yi mamaki in ta fi ku duka riƙe amshi. Rabin awa bayan isha'i ranar Juma'a ya wadatar, da abin toshe ƙaho a maƙale.

Yaron kada ya riƙa tsayawa gaban masu busa ko kusa da babbar ganga a wurin bita. Ƙarar da ta kai desibel 85 kunne na jure ta ne kamar awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage wannan lokacin da rabi, ga shi jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka sa shi a gefe ko a baya, ka saya masa abin toshe kunne na soso a kantin magani, kai ma ka sayi naka, don tsakanin ƙarar Magazine da ta badujala kunnenka na aiki biyu. Da azumi kuwa ku ba ƙungiya hutu gaba ɗaya, sai dai kowa ya riƙa busa bakin ƙahonsa na minti biyar bayan asham, ku koma bita a goman ƙarshe da dare in kuna da wasan Salla.