Yaya zan gwada sabbin saituna a mataimakin AI ba tare da na ɓata wanda ke aiki ba?

Tambaya: Malam, ina da mataimakin AI da ke amsa wa kwastomomina a WhatsApp. Yana duba kayan da suka rage a shago, yana kuma rubuta oda. Duk sanda na taɓa umarninsa, sai wani abu ya gyaru, wani ya lalace. An ce in riƙa buɗe reshe a Git. Shin hakan ya isa ya kare ni?

Amsa: Wanda ya ba ka shawarar nan bai ɓatar da kai ba, ɗan'uwa, amma rabin kariya kawai reshe, wato kwafin fayilolinka na gwaji, zai ba ka.

Da farko, duk abin da ke tafiyar da halin mataimakin ya zama fayil a cikin Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli: rubutaccen umarninsa, sunan samfurin AI da yake amfani da shi, jerin ayyukan da ka ba shi izinin yi, da iyakar ragin da zai iya yi wa mai saye. Idan har yanzu umarnin yana zaune a wani akwati a shafin kamfanin da ka yi rajista, kana gyara shi a can kai tsaye, to reshe bai san da zamansa ba. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, abin da aka ajiye a cikinsa kaɗai yake tsarewa. Bayan haka sai ka rubuta `git switch -c gwajin-ragi`. Yanzu kana da kwafin da za ka yi wa yadda ka ga dama, babban reshen `main` yana nan yadda ka bar shi. Kowane reshe, canji ɗaya. In ka sauya samfuri da umarni a tashi guda, amsa ta lalace, ba za ka gane wanne ne ya jawo ba.

Ga inda na fi so ka natsu. Reshe fayiloli yake rabawa, ba ya raba abubuwan da mataimakin ke taɓawa. Idan reshen gwaji yana riƙe da makullin API (lambar sirrin da ke ba manhaja izinin shiga) ɗaya, da lambar WhatsApp ɗaya, da rumbun bayanai ɗaya da na gaske, odar da ya rubuta a gwaji oda ce ta gaske, saƙon da ya tura kuwa ya shiga wayar kwastoma. `git revert` yana maido da fayil, ba ya maido da saƙon da aka riga aka karanta. A watan Yulin 2025 wakilin AI na Replit, wani dandalin rubuta manhaja, ya goge rumbun bayanan Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr, wata cibiyar 'yan kasuwar manhaja, duk da an umarce shi kada ya taɓa komai. Cikin gyaran da Replit ya sanar daga baya har da raba rumbun gwaji da na gaske. Umarni a rubuce roƙo ne kawai. Abin da ke hana ɓarna shi ne mataimakin ya rasa hanyar kaiwa wurin.

Saboda haka ka tanadi rumbun gwaji mai kayan bogi, da wata lambar waya taka, da makulli daban mai ƙaramin izini. Makullan su zauna a fayil ɗin `.env`, ka sa sunansa a `.gitignore` don kada ya hau GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a intanet.

Sai gwajin kansa. Ka tara saƙonni kamar talatin daga hirarrakinka na baya, ka cire sunaye da lambobi. Ka sa masu wuya a ciki: mai cewa "nawa ne na ƙarshe?", mai haɗa Hausa da Turanci a layi ɗaya, mai neman a maido masa kuɗi, mai rantsuwa cewa jiya an yi masa alkawarin ragi. Ka tura su ga tsohon saiti da sabo, ka jera amsoshin kusa da juna. Kada ka yarda da zagaye ɗaya, domin samfuran nan suna iya ba da amsa daban a tambaya ɗaya. Ka maimaita sau uku ko biyar, musamman a kan kuɗi. Wannan ba tsanani ba ne. A 2024 wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a Kanada ta sa Air Canada biyan wani fasinja saboda bayanin ragi marar tushe da manhajar hirarsu ta ba shi. Abin da mataimakinka ya faɗa, kai za a riƙe.

In sabon saitin ya fi, ka haɗe shi da `main` a lokacin da kasuwa ta lafa kuma kana kusa da kwamfuta, ka karanta hirarrakin farko da idonka. In bai fi ba, ka rubuta dalili a taƙaice kafin ka goge reshen, don kada bayan wata biyu ka sake gwada abu ɗaya.